Aikin mata daban, ko mata cikin kowane aiki? Zaɓin da ke gaban ƙananan hukumomin Maradi

Duk ƙaramar hukumar da ta zauna sabunta kundin tsarin ci gabanta, wanda ma'aikatan meri ke kira PDC, sai ta iso kan tambayar inda za a sa maganar mata. Wasu kan ce a buɗe babi na musamman, a ware masa kuɗi, a saya wa mata injin niƙa da awaki da kekunan ɗinki. Wasu kuma kan ce a shiga kowane aiki, na ruwa ne ko makaranta ko kasuwa, a auna abin da zai yi wa mace da abin da zai yi wa namiji tun kafin a ba da kwangila. Hanyoyin biyu suna da madogara a manufar ƙasa ta daidaito tsakanin maza da mata, wadda Nijar ta amince da ita a 2008 aka sake duba ta a 2017. Sai dai kowace da irin kuɗin da take ci, da irin ma'aikacin da take nema, da kuma inda take saurin lalacewa.

Akwai abin da ya sauya nauyin wannan zaɓi. Dokar kaso ta shekarar 2000 ta fara da kashi 10 cikin 100 na kujerun zaɓe, aka ɗaga zuwa 15 a 2014, sannan 25 a 2019, kuma ta nan ne mata suka samu kujeru a majalisun ƙananan hukumomi. A watan Afrilun 2024 aka rusa majalisun, aka naɗa kantomomi. Inda babu kansila mace da za ta miƙe ranar zaman kasafin kuɗi ta tambayi ina layin kaza ya shige, abin da aka rubuta da lamba a takarda shi kaɗai zai tsaya wa mata.

Hanyar ware wa mata aikinsu daban tana da fa'idar da ba a raina ta: ana ganin ta. Layi ne guda a kasafi, da adadin kuɗinsa, kowa na iya tambaya a ƙarshen shekara ko an kashe ko ba a kashe ba. Ba ta neman ƙwararre, wakilin ma'aikatar kula da ci gaban mata na gunduma da sakataren meri sun isa su tafiyar da ita. Matsalarta ita ce ƙanƙanta. Babban kuɗin ƙaramar hukuma yana wurin azuzuwa, ruwa, gidajen likita da kasuwanni, musamman tun da aka miƙa wa ƙananan hukumomi ilimi, lafiya, ruwa da muhalli a 2016. Layin mata ɗan kaɗan ne a gefen waɗannan, kuma idan haraji bai shigo yadda aka zata ba, ko tallafin ANFICT, hukumar gwamnati mai ba ƙananan hukumomi kuɗi, ya makara, shi ake fara yankewa. Wata illar ta fi wannan ɓoyuwa: da zarar an buɗe babin mata, mai kula da ruwa da mai kula da noma sai su ɗauka an sauke musu nauyi.

Injin niƙa shi ne abin da aka fi saya a wannan babi, don haka ya cancanci a yi masa lissafi. A ɗauka ana niƙa tiya ɗaya dala biyar, wato sefa 25. Kowane gari ya sa nasa farashi. Idan ana kawo tiya 200 a yini, an samu jika biyar. A cire gazuwal na kusan jika biyu, a cire jika ɗaya na mai tayar da injin, saura jika biyu. Cikin waɗannan ne za a wasa faranti, a canza bel, a sayi baƙin mai, a kuma ajiye na babban gyara. Idan garin ƙarami ne, ko akwai wani ɗan kasuwa mai injinsa a unguwar gaba, tiya 80 kawai za a gani, jika biyu ke nan, mai da ladan ma'aikaci sun cinye. Injin zai yi ta aiki har ranar da wani ƙarfe ya karye, daga nan sai a kulle ɗakin. Ana ɗora laifin a kan "rashin haɗin kan mata", alhali ba wanda ya ƙirga tiyoyin garin kafin a saya. Abubuwa uku ake dubawa tun farko: yawan gidajen da za su kawo niƙa har cikin bazara lokacin da rumbu ya yi ƙasa, nisan makanikin da ya san irin injin, da kuma wanda ke riƙe akwatin kuɗi. In mijin shugabar ƙungiya ne ke tayar da injin kuma shi ke karɓar kuɗi, to injin nasa ne, sunan ƙungiya kawai aka ara.

Awakin habbanaye, wato waɗanda ake ba mata su kiwata, in sun haihu a miƙa wa wasu, sun fi injin jure wa wahala, kuma jar akuyar Maradi ba ta buƙatar a gabatar da ita: wata biyar take ɗaukar ciki, tana yawan haifar tagwaye. Abin da ke kashe shirin shi ne lokacin rabo. Akuyar da aka raba a watan Mayu ko Yuni, ciyawa ta ƙare, hatsi ya yi tsada, kasuwa za ta nufa kafin damina ta yi nisa. A raba bayan kaka, da allurar rigakafi da maganin tsutsar ciki, da bunsuru ga kowane rukuni, a kuma rubuta sunan wadda za ta karɓi ƴaƴan a zagaye na biyu tun ranar farko, a gabanta. Jerin sunayen masu karɓa kuma a karanta shi a bainar jama'a, in ba haka ba matan gidan mai gari da ƙawayen shugaba ne za su cika shi.

Cikin ayyukan mata zalla da suka daɗe a wannan jiha akwai Mata Masu Dubara, da ƙungiyar CARE ta fara a nan Maradi a 1991, daga baya aka kwaikwaye shi a ƙasashe da dama. Mata ne ke zuba nasu kuɗin kowane mako, su ba juna rance, su raba a ƙarshen zagaye. Ƙarfinsa daga nan yake, kuɗin nasu ne, kowace tana sa ido. Ƙaramar hukumar da ta ga ƙungiyar ta yi kyau ta zuba mata miliyan ɗaya lokaci guda tana iya rusa ta, domin kuɗin da ba a san zafin tara shi ba ba a gaggawar mayar da shi. Abin da irin waɗannan ƙungiyoyi suka fi buƙata daga meri shi ne takardar amincewa ba tare da yawo ba, fili, rumfa a kasuwa, da a kira su idan ana shawara.

Hanya ta biyu, ta sa mata cikin kowane aiki, ta fi wuya, kuma wuyarta daga ranar binciken ƙauyuka take farawa. Ga yadda zaman ya saba kasancewa: an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan mai gari da hantsi, maza sun cika gaba, tsofaffin mata biyar ko shida suna can baya a gindin darni. Idan an gama, jami'i ya juya ya ce, "Iya, ku fa, me kuke so?" Ɗaya ta gyara lulluɓi ta ce, "Ranka ya daɗe, abin da maza suka faɗa shi ne namu." A rahoto sai a rubuta cewa mata sun halarta kuma sun amince. Matan da ke jan guga da masu goyo da ƴan mata, waɗanda aikin zai fi shafa, suna wurin daka ko bakin rijiya a wannan sa'ar, wasu kuma suna kulle.

Gyaran ba ya cin kuɗi mai yawa. A yi zama daban-daban: matan aure, ƴan mata, da matan da ke riƙe da gida su kaɗai, ko dai mijin ya rasu ko ya tafi cin rani. A yi shi cikin gida, a gidan wata dattijuwa da ake girmamawa, tsakanin azahar da la'asar, mace ce ke tambaya. A guji ranar kasuwa da lokacin noman farko. Kowane rukuni ya jera buƙatunsa da tsakuwa ko ƙwayar wake, a rubuta jerin mata daban da na maza. Wurin haɗa jerin biyu ne ake yin asarar, domin a babban zama muryar maza ke rinjaye. Don haka a kafa ƙa'ida tun kafin a fara, misali cewa buƙata ta ɗaya a jerin matan kowane yanki dole ta shiga cikin ukun farko na yankin. Ba tare da irin wannan ƙa'ida ba, an gajiyar da mata a banza.

Bayan bincike sai a sauka kan takardar kwangila, domin ɗan kwangila abin da aka rubuta masa yake ginawa. Ɗauki ruwa. Ƙa'idar ma'aikatar ruwa ita ce wurin ɗibar ruwa na zamani ɗaya ga mutum 250, garin da ya kai mutum 2000 kuma ya cancanci ƙaramin shato da famfuna. Wannan lissafin kai ne, bai faɗi inda za a kafa famfon ba. Idan aka bar wa manyan gari, famfo ɗaya zai tafi ƙofar masallacin Juma'a, ɗaya bakin tasha, wuraren da matar aure ba za ta tsaya cikin maza da bido ba, sai ta aiki yarinya, yarinyar kuma ta makara makaranta. A rubuta cewa matan kowace unguwa ne za su nuna wurin, a yi dakalin ɗora bido daidai yadda mace za ta ɗauka ba sai ta nemi mai aza mata ba, a yi magudanar da za ta kai ruwan da ya zube nesa, a ware wurin shayar da dabbobi, a kuma sa lokacin buɗewa cikin yarjejeniyar mai gudanar da ruwan. Famfon da ake buɗewa ƙarfe tara ya bar mace da tsohuwar rijiya, don ita da asuba take buƙatar ruwa. Duk wannan bai ƙara wa kwangilar wani kuɗin kirki ba.

A makaranta ma haka. Makewayin ƴan mata ya zama gini daban, nesa da na samari, ƙofarsa ba ta kallon filin wasa, da sakata ta ciki da ruwa a kusa. Abu ne ƙarami a takarda, amma yarinyar da ta fara al'ada tana auna shi kowane wata. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na ƴan matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18, kuma Maradi na cikin jihohin da adadin ya fi haka. An yi dokar kare karatun ƴa mace a watan Disamban 2017, amma a ƙauye abin da ke yanke hukunci sau da yawa shi ne nisan kwaleji da gidan da yarinya za ta sauka. Uban da ya ƙi tura ƴarsa wani gari ta zauna gidan da bai sani ba yana da hujjarsa, kuma amsar hujjar tana cikin taswirar inda za a gina kwaleji na gaba, ba a cikin taron wayar da kai ba.

Aikin farfaɗo da ƙasa ya fi kowane nuna yadda ake yi wa mata ƙwange ba da niyya ba. Ana haƙa ramukan rabin wata, kusan 313 a hekta ɗaya, ana biyan mutane gwargwadon abin da suka haƙa. Da rani mazan ƙauyuka da yawa sun tafi, mata ne ke riƙe da diga da shebur, amma rajistar da sunan mai gida aka yi ta, ranar biya shi ko ƙaninsa ke sa hannu. Idan ƙasar ta farfaɗo aka zo rabon ta ko sayar da ciyawar da ta fito, kwamitin maza ne. Layi biyu a takardar aikin sun isa: a biya wanda ya haƙa, a hannunsa, kuma a faɗi kason mata a ƙasar da amfaninta kafin a sara diga ta farko.

To, ina wannan hanya ke lalacewa? Tana narkewa ne. A kowane shafi na kundin za a ga an rubuta "za a yi la'akari da mata da matasa", amma babu lamba, babu sunan wanda zai duba, babu ranar dubawa. Sau da yawa ƙwararren da aka ɗauko ya rubuta kundin daga na wata ƙaramar hukuma ya kwafo jimlar. A ƙarshen shekara ba wanda zai iya cewa an yi ko ba a yi ba, abin da ko layin injin niƙa bai yarda da shi ba. Wata matsalar ita ce cika kwamitoci da sunayen mata don a burge mai ba da tallafi. Mace ɗaya ce a kwamitin makaranta, ita ce a na ruwa, ita ce a na likita, duk ba lada, kuma muƙamin da ake ba ta shi ne mai kula da tsabta. In za a ba mace kujera, a ba ta ma'aji ko sa hannu a asusu, a kuma koya mata karanta littafin kuɗi. In ba za a yi haka ba, a bar ta ta ji da aikin gidanta.

Maganin narkewar shi ne a yi wa kowane layi na tsarin zuba jari na shekara, wato PIA, alama. Sifili ga aikin da ba a duba bambancin mace da namiji a cikinsa ba. Ɗaya ga wanda aka duba kuma aka rubuta sharaɗi mai lamba a kwangilarsa, kamar rumfuna nawa cikin nawa na sabuwar kasuwa za a ba mata. Biyu ga wanda don rage gibin aka yi shi gaba ɗaya. Kada a ba layi alamar ɗaya sai an nuna shafin da sharaɗin yake. Sannan ranar karɓar aiki daga hannun ɗan kwangila, wakiliyar matan da za su yi amfani da shi ta kasance cikin masu sa hannu, ta buɗe famfon ta gani, ta shiga makewayin ta ja sakatar.

Akwai fage ɗaya da hanya ta biyu ba ta isa ba, ko an yi ta da kyau, shi ne ƙasa. A kudancin jihar, wajen Madarunfa, Gidan Rumji da Agye, gonaki sun tsuke saboda yawan jama'a. Gamanar da miji kan yanka wa matarsa daga gandu tana ƙanƙancewa, a wasu gidajen ma ta ɓace, har ana samun matan da suka tashi ba su iya noma ba saboda ba inda za su yi. Don haka idan shirin noma ya ce zai raba iri da taki "ga kowa ba bambanci" gwargwadon girman gona, a aikace maza ya ba. Dokar karkara ta 1993 ta ce ƴan ƙasa duka suna da damar cin moriyar albarkatun ƙasa ba tare da bambancin jinsi ba, musulunci kuma ya ba ƴa mace rabin rabon ɗa namiji, ya ba matar mamaci ɗaya cikin takwas idan akwai ƴaƴa. Amma a gidaje da yawa ba a raba gonar, sai a ce tana hannun ƴan'uwa maza, wai ita ai gidan wani za ta. Nan kam sai an ware aiki na musamman da kuɗinsa: zama da malamai da masu gari kan rabon gado, biyan kuɗin takardun mallaka ga mata a hukumar filaye ta ƙauye da ta ƙaramar hukuma, COFOB da COFOCOM, da samar wa ƙungiyoyi filin lambu.

Filin lambun nan shi ne tarkon da aka fi faɗawa. Wani mai gona ya ce ya ba mata aro don Allah, furoje ta haƙa rijiyoyi, ta kewaye da waya, ta sa sola. Shekara biyu ko uku ƙasa ta yi kyau, zogale da albasa sun kama, sai mai gona ko magadansa su ce suna son abinsu. Kowa ya san rijiya ba ta tashi ta bi mata. Kada a haƙa ko taku ɗaya sai takarda ta fito da sunan ƙungiyar: ta sayarwa ko ta kyauta ita ce mafi ƙarfi. In aro ne dole, a rubuta shekarun, su kai tsawon da jarin zai biya kansa, magadan mai gonar su sa hannu, a kuma faɗi abin da zai faru da rijiyoyin idan wa'adi ya cika.

Mai zaɓi zai iya auna kowace matsala da tambaya ɗaya: mata suna cikin masu amfani da abin amma an tsara shi ba da su ba, ko kuwa tun daga ƙofa ba su da abin shiga? Ruwa, makaranta, likita, kasuwa, hanya da aikin farfaɗo da ƙasa suna rukunin farko, kuma ware musu "aikin mata" ɓata kuɗi ne, sharaɗi a kwangila suke so. Ƙasa, jari, karatun manya da masaukin ƴan mata ƴan kwaleji suna rukuni na biyu, kuma in ba da layi mai suna da adadi ba, ba za su taɓa motsawa ba. A ganinmu ƙaramar hukumar karkara mai ƙaramin kasafi ta sa ƙarfinta a hanya ta biyu, wato sa mata cikin kowane aiki, tun da ba ta neman sabon kuɗi, ta kuma tsaya kan aiki na musamman guda ɗaya tak a shekara, wanda ta yi wa lissafi. Ayyuka biyar na jika ɗari biyu-biyu ba sa barin komai sai hotunan ranar rabo. Birnin Maradi da manyan garuruwa irin Tasawa da Dakoro, masu kasuwa da harajin da ya fi kauri, suna iya ɗaukar biyun tare, kuma a wurinsu rabon rumfuna da kuɗin tikitin da ake karɓa daga mai tallan ƙuli-ƙuli da mai buhunan gyaɗa ya cancanci zama na kansa.

Ƙananan hukumomin bakin iyaka, inda matsalar ƴan bindiga ta raba mutane da garuruwansu kuma ƴan gudun hijira daga Najeriya suka shigo tun 2019, lissafinsu ya ɗan bambanta. Gidajen da mace ke riƙe da su sun ƙaru, kuma da yawansu ba sa cikin rajistar haraji ta mai gari, wadda da ita aka saba zaɓen masu cin tallafi. A can sai an sake ƙirga gida-gida kafin a raba komai, a rubuta kowace mace mai tukunyarta a matsayin gida, har da kishiyoyin da ke zaune a gida ɗaya. Nisan wurin itace da na ruwa kuma a ɗauke shi a matsayin maganar tsaro, a kafa famfon a cikin gari ko da bututun zai ƙara tsawo.